Tambaya da Amsa: Koya wa Ɗalibai Fasin a Wasan Ƙwallon Raga

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon daga malaman motsa jiki suka zo, kuma kusan duk a kan abu guda suke: yadda za a koya wa yara tarar ƙwallo da miƙa shi ga abokin wasa a ƙwallon raga. Mun taƙaita wasiƙun, masu horar da wasan da ke kula da wannan fili kuma suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare. Ɗalibai 70 ne a ajina, darasin minti 40 ne, ƙwallo huɗu gare mu. Nakan jera su layi, in jefa wa kowa ya tara ya koma baya. Zango ya ƙare ba su iya ba. Ina gyara? (Malami daga Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Layin nan shi ne ya cinye maka zangon. Yi lissafi da kanka. Idan kowane yaro ya ɗauki sakan 10 tsakanin jefawa, tarewa da ɗauko ƙwallon da ya ɓace, zagaye ɗaya na yara 70 zai ci kusan minti 12. Ka ga kenan a darasi guda yaro zai taɓa ƙwallo sau biyu ko uku, sauran lokacin yana tsaye a rana yana tsokanar na gabansa. Ba mai iya fasin da taɓawa uku a mako.

Abu na farko, ƙara yawan ƙwallaye, kuma ba sai na gasa ba. Ƙwallon roba mara nauyi da ake sayar wa yara a kasuwa ya isa ga mai koyo, har ma ya fi, domin yana jinkiri a iska, yaro ya samu lokacin shiga ƙarƙashinsa. Idan ka haɗa guda 12, ajinka ya rabu rukuni 12 na yara biyar ko shida. Huɗun nan na gaske sai su riƙa zagayawa tsakanin rukunoni.

Na biyu, bar batun raga tukuna. Nemi doguwar igiya, mita 30 ko fiye, ka ɗaure ta tsakanin bishiyoyi biyu ko turakun gola, ka rataya mata tsummoki jefi-jefi don a riƙa ganinta. Sai ka yanka filin da ke ƙarƙashinta ƙanana-ƙanana da toka, kowane faɗinsa mita 4 ko 5. Igiya ɗaya ta ba ka filaye shida. Kada ka saukar da ita ƙasa don tausayin yara. Ka bar ta wajen mita 2 da ɗoriya, domin igiya mai tsayi tana tilasta a ɗaga ƙwallo sama, ƙwallon da ya yi sama kuwa yana ba wanda ke ɗaya ɓangaren lokaci. Igiyar da ta yi ƙasa gasar mari take haifarwa.

A kowane rukuni raba aiki uku: mai jefawa a bayan igiya, mai tarewa, da mai cafewa wanda ke tsaye kusa da igiya, shi ne ake nufa da fasin. Sauran su ɗauko ƙwallo su kuma ƙirga. Bayan jifa biyar a juya. Kai kuma ka daina jifa gaba ɗaya. Malamin da ke jefa ƙwallo yaro ɗaya kawai yake gani. Wanda ke zagayawa shi ke ganin aji. Sai dai ka ware minti biyar a darasin farko ka koya musu jifan kansa: da hannu biyu, daga ƙasa, ƙwallo ya yi baka ya sauka a gaban cinyar mai tarewa. Rabin lalacewar atisayen masu koyo daga mugun jifa yake.

TAMBAYA: Ɗalibaina in sun tara da hannuwa biyu daga ƙasa, ƙwallon ko dai ya koma bayansu ko ya yi gefe. Suna kuma kukan zafin hannu, wasu har ja yake yi. Me nake kuskure wajen koyarwa? (Malama daga Zariya)

AMSA: Malama, bari mu fara da zafin, don shi ne ke sa yaro ya janye hannu ko ya rufe ido, daga nan kuma babu gyaran da zai shiga. Duba ƙwallon. Na ƙa'ida nauyinsa giram 260 zuwa 280 ne, kewayensa santimita 65 zuwa 67, iskarsa kuma kilogiram 0.30 zuwa 0.325 a kan kowane murabba'in santimita. Wannan iska kaɗan ce ƙwarai: in kin danna da manyan yatsu biyu ya kamata ya ɗan loɓa. Yawanci ana kai shi wajen mai faci ya ɗura masa iska kamar ta ƙwallon ƙafa, sai ya zama dutse. Shi kuwa ƙwallon ƙafa, mai giram 410 zuwa 450, kada a kuskura a koyar da shi. Jan da fata ke yi da ƙananan ɗigo-ɗigo a makon farko abu ne da aka saba gani, yakan baje cikin 'yan kwanaki, riga mai dogon hannu ma tana rage shi. A cire agogo, zobe da awarwaro kafin a fara.

Yanzu ga tsayuwa. Ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya gaba, gwiwoyi a tanƙware, nauyin jiki a gaban tafin ƙafa, diddige kamar zai ɗaga. Hannuwa a sake, a rabe, a gaban jiki. Wannan na ƙarshen a kula da shi: yaro ba ya haɗa hannu sai ya isa wurin da ƙwallo zai sauka. Wanda ya haɗa hannu tun da wuri ya ruga da su a haɗe, gudunsa ya ragu, kuma a karkace zai isa.

Riƙon: a ɗora yatsun hannu ɗaya a kan na ɗaya, a rufe, manyan yatsu biyu su kwanta jere da juna, sannan a danna wuyan hannu ƙasa. Dannawar nan ita ke miƙar da gwiwar hannu, ta fito da lallausan cikin sangalin hannu sama. Abin da ya samu shi ne shimfiɗa guda mai kama da allo, kuma nan ƙwallo zai sauka, kamar yatsu uku ko huɗu sama da wuyan hannu. Ba a sarƙe yatsu cikin juna. Yana ɗaukar lokaci a warware, kuma in ƙwallo mai ƙarfi ya faɗa kansu ana jin jiki. Allon ya yi nesa da ciki, har a iya sa wani ƙwallon tsakanin hannuwa da ƙirji.

Daga inda ƙwallo ya nufa za ki gane laifin, ba sai kin ga komai ba. In ya koma baya ta saman kai, yaron ya wurga hannuwa sama har sun wuce kafaɗa, ko kuma ya shige ƙarƙashin ƙwallon da yawa yana tsaye ƙiƙam. In ya yi gefe, ko dai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsayi, ko ƙwallon ya bugi manyan yatsu ko ƙashin wuyan hannu, wurin da babu shimfiɗa. In ya taso ya bugi haɓa, gwiwar hannu ce ta lanƙwashe lokacin haɗuwa. In ya tafi gaba a ƙasa-ƙasa ya shige ƙarƙashin igiya, allon ya kalli ƙasa da yawa, galibi don yaron ya makara ya miƙa hannu daga nesa.

Wurga hannu shi ne babban ciwon masu koyo, kuma dalilinsa a fili yake: yaro yana ganin sai ya doki ƙwallon kafin ya tashi. Ki sa shi ya durƙusa a gwiwa ɗaya, a jefa masa daga mita 3, ya mayar ta hanyar ɗan tura jiki gaba kawai. Bayan jifa goma ya miƙe ya yi haka da ƙafafunsa. Ƙwallo mai laushi yana buƙatar ɗan turi daga ƙafa. Mai ƙarfi ba ya buƙatar komai sai a saita masa allo a tsaya cak, ƙarfinsa ne zai kai shi.

Ga wanda ƙafarsa ba ta motsi kuwa, a hana shi hannu gaba ɗaya na ɗan lokaci: a jefa dama ko hagu, aikinsa ya matsa har ƙwallon ya dira a tsakanin ƙafafunsa. Wanda ya iya wannan ya yi rabin fasin.

Shawara ɗaya kan magana. Duk wannan bayani naki ne, ba na yara ba. Su ki ba su kalma ɗaya a lokaci guda, kuma wadda ke nuna inda ake so ƙwallo ya je ta fi wadda ke lissafa gaɓoɓi. “Nuna wa mai cafewa allonka” ta fi “miƙe gwiwar hannu, sauke kafaɗa, tanƙware ƙafa” aiki, ko da yake abu guda ake nema.

TAMBAYA: Wanne ya kamata a fara koyarwa, fasin ƙasa ko fasin sama na yatsu? Kuma yaya za a rage targaɗen yatsa? (Ɗalibin kwalejin ilimi, Kano)

AMSA: Masu horarwa sun rabu a kan wannan. Ra'ayinmu shi ne a fara da na sama in akwai ƙwallo mara nauyi, domin ya yi kusa da cafewa da jefawa da yaro ya riga ya iya, yana kuma ba shi nasara da wuri. In ƙwallon gasa kaɗai ke akwai kuma yaran 'yan firamare ne, yatsunsu ba su kai ba, a fara da na ƙasa. Ko ta ina aka fara, kada ɗayan ya jira fiye da darasi biyu, don wasan ba ya yiwuwa sai da su duka.

Hanyar da ta fi sauƙi ta nuna siffar hannu: a ajiye ƙwallo a ƙasa, yaro ya dafa shi da yatsu a buɗe, manyan yatsu da manuniya su yi siffar alwatika a bayansa, sai ya ɗaga shi haka har saman goshi, tazarar kamar taƙi guda. Nan ne wurin haɗuwa. Gwajinsa kuwa: da za a zare hannuwa, ƙwallon a goshi zai faɗo, ba a hanci ko ƙirji ko tsakar ka ba. Cikin yatsu ne ke taɓawa, tafin hannu ba ya taɓawa. Gwiwa da gwiwar hannu su miƙe tare, hannuwa su ƙare suna kallon inda aka aika. Fasin da ya yi kyau ba ya yin ƙara, kuma ƙwallon ba ya juyawa sosai a iska. In ka ji “fas!” an mara ne da tafi.

Matakai uku sun isa. A cafe a goshi, a tsaya a duba hannu, a tura. Sannan a cafe a tura ba tsayawa. Sannan a gajarta riƙon har ya zama taɓawa. A gasa riƙe ƙwallo ko jefa shi laifi ne, amma a aji wannan riƙon tsani ne, alƙalanci ya jira.

Targaɗe yakan zo ne daga abu biyu: babban yatsa ya tsaya yana nuna ƙwallo maimakon ya kwanta baya yana nuna ido, ko kuma yatsu sun sandare sun miƙe ƙwallo ya sauka a kan tsininsu. A yanke farce, a motsa yatsu da wuyan hannu kafin a fara, musamman da sanyin hunturu. In ya faru, yaron ya tsaya, a sa yatsan a ruwan sanyi. Al'adar nan ta kama yatsa a ja da ƙarfi a bar ta, tana iya mayar da ƙaramin tsagewar ƙashi babba. In yatsan ya karkace, ko ya kumbura sosai, ko ya ƙi lanƙwasuwa, asibiti za a je.

TAMBAYA: A atisaye yarana suna yin fasin goma a jere ba faɗuwa. Da an shiga wasa shida da shida sai ka ce ba su taɓa ganin ƙwallo ba. Sabis kawai ake yi, wato bugun fara wasa, ana cin maki. (Mai horar da ƙungiyar makaranta, Maraɗi)

AMSA: Malam, abin da suka koya daban, abin da wasa ke tambaya daban. Yara biyu da ke fuskantar juna suna mayar da ƙwallo ta inda ya fito. A wasa hakan ba ya faruwa: ƙwallo yana zuwa daga bayan raga, kai kuma dole ka karkatar da shi zuwa wani wuri dabam, wajen mai saitawa, wato wanda ke ɗaga wa abokinsa ƙwallo kusa da raga don ya buga. Fasin na gaske kusurwa gare shi. Saboda haka atisayen mutum uku a tsaye kamar duwatsun murhu ya fi na mutum biyu, kuma a nan ake koyon sauke kafaɗar da ke ɓangaren wanda ake nufa, don allon ya kalle shi ba tare da an murɗa jiki ba.

Akwai kuma batun maimaici. Jifa iri ɗaya zuwa wuri ɗaya sau ashirin yana sa yaro ya yi kyau a ranar, amma jifa mai sauyawa, gajere, dogo, dama, hagu, shi ya fi zama a jiki har zuwa mako mai zuwa, ko da a ranar an fi yin kuskure. Jifa iri ɗaya na da amfani a darasi ɗaya ko biyu na farko. Daga nan a gauraya. Buga ƙwallo a bango ma haka: yana gyara allo, ba ya koyar da karanta sabis.

Shida da shida kuwa ya yi musu wuri. Rabin filin gasa mita 9 ne sau 9, ragar maza mita 2.43, ta mata 2.24. A irin wannan fili mai koyo zai iya yin minti goma bai taɓa ƙwallo ba, in ya zo kuma mutum uku su tsaya suna kallon juna ya faɗi a tsakiya. David Bunker da Rod Thorpe na Jami'ar Loughborough a Ingila sun fito da wani tsari a 1982 da ya juya darasin wasanni: a fara da ƙaramin wasa, yara su ci karo da matsala, sannan a koya musu dabarar da za ta warware ta, a koma wasan. Ga ƙwallon raga wannan tsari ya dace ƙwarai.

Ga yadda za ka hau da su. Biyu da biyu a fili mai mita 4 sau 4 kowane ɓangare, a fara da jifa maimakon sabis. Taɓawar farko fasin ƙasa, ta biyu a cafe a jefa sama, ta uku a tsallakar da fasin yatsu. Cafewar tsakiyar nan ita ke raya wasan, domin tana gyara kuskuren na farko. In har yanzu yana mutuwa da wuri, a yarda ƙwallo ya dira ƙasa sau ɗaya. Daga nan uku da uku ko huɗu da huɗu a fili irin na badminton, mita 13.40 sau 6.10, a cire cafewa, a kawo sabis na ƙasa daga mita 5 ko 6. Ka kuma sauya lissafin maki don ya biya abin da kake so: ƙungiyar da ta yi taɓawa uku kafin tsallakarwa ta samu ƙarin maki ɗaya, ko ta ci ko ba ta ci ba. Za ka ga masu mayar da ƙwallo da bugu ɗaya sun canza da kansu.

Dokar murya ma ta shiga tun ranar farko. Wanda zai tara ya ce “Nawa!” da ƙarfi kafin ƙwallo ya tsallako igiya, sauran su buɗe masa hanya su juyo suna kallonsa.

Darasin minti 40 zai iya tafiya haka: 5 na ɗumama jiki da ƙwallo a hannu, 8 na ƙaramin wasa, 12 na gyaran abin da wasan ya tona, 12 na komawa wasa, 3 na tambayoyi.

TAMBAYA: Yaranmu sun saba da ƙwallon ƙafa, da ƙwallo ya yi ƙasa sai su sa ƙafa. Laifi ne? (Malami daga Jos)

AMSA: A dokar wasa ba laifi ba ne, ƙwallo na iya taɓa kowane sashe na jiki. A aji dai ka hana a zangon farko. Ƙafa tana zama mafakar wanda ba ya son tanƙwara gwiwa, ga haɗarin harbin fuskar wanda ya sunkuyo.

TAMBAYA: Makarantarmu ta 'yan mata ce, filinmu tsakuwa ne, ɗalibai suna sa hijabi, gajeru kuma suna cewa wasan na dogaye ne. (Malama daga Sakkwato)

AMSA: Hijabi ba ya hana fasin, in dai gajere ne ko an cusa shi cikin riga yadda ba zai rufe hannuwa ba, kuma babu allura ko fil a jikinsa. Doguwar riga da wando sun fi zane, don ana buƙatar buɗe ƙafa. A filin tsakuwa kada a koyar da faɗuwa ko zamewa. A share wurin, a tsaya kan matsawa da ƙafa da dogon taku gefe. In akwai wuri mai yashi, shi ya fi. A nemi a sa darasin da safe, a jera filin yadda babu ɓangaren da zai kalli rana ido da ido, domin wannan wasa ne na ɗaga kai sama. Ruwan sha ya kasance a kusa, da azumi kuma a rage gudu a ƙara atisayen hannu a inuwa.

Gajerun kuma ki gaya musu cewa tun 1998 dokar wasan ta ware ɗan wasa na musamman, libero, mai riga ta daban, wanda aikinsa tarar sabis da kare bayan fili, kuma sau da yawa shi ne mafi gajarta a ƙungiya. Kusancin ƙasa riba ce a wannan aiki.

TAMBAYA: Yaya zan ba da maki a ƙarshen zango ba tare da son kai ba? (Malami daga Bauchi)

AMSA: Kada ka auna da yawan bugun da yaro zai yi shi kaɗai sama-sama, wannan wata fasaha ce dabam da ba ta shiga wasa. Yi amfani da ma'aunin da masu horarwa ke yi na 0 zuwa 3. A jefo ƙwallo goma daga bayan igiya, wurare daban-daban. Mai cafewa ya tsaya cikin da'irar toka mai faɗin mita 2, kamar mita ɗaya daga igiya, ɗan dama da tsakiya. In ƙwallon ya zo masa sama da kai bai fita da'ira ba, maki 3. In sai da ya yi taku ɗaya ko biyu waje, 2. In ya tashi sama amma da ƙyar aka cim masa, ko ya tsallake igiya, 1. In ya faɗi ko ya ɓace, 0. Jimla 30. Ka yi gwajin a mako na biyu, ka maimaita a na ƙarshe, ka ba ci gaban da aka samu kaso a cikin makin, don yarinya ko yaron da ya tashi daga 6 zuwa 16 ya yi aikin da ya fi na wanda ya tsaya a 22.

Don aji mai yawa, ɗalibai su riƙa duba juna, salon da Muska Mosston ya sa cikin jerin salon koyarwarsa tun 1966. Kowane mai dubawa ya riƙe takarda mai tambaya uku kacal: ya isa wurin kafin ƙwallo? gwiwar hannunsa a miƙe? hannuwansa sun tsaya ƙasa da kafaɗa? Ya sa alama bayan kowane jifa, ya gaya wa abokinsa abu ɗaya. Kai kuma in ka zo wucewa ka yi magana da mai dubawar, ka tambaye shi me ya gani, kada ka tsallake shi ka gyara mai tarewa kai tsaye, in ba haka ba zai ajiye takardar. Mai jefawa a ranar gwaji ya zama mutum ɗaya ga kowane rukuni, wanda jifansa ya daidaita, kuma duk jifan da ya lalace a sake shi ba tare da an ƙirga ba.